Giyar Motar Baba

Tana garejin Barau a Muciya,
kan bulo huɗu, ba taya.
Ja ce, jan da rana ta lasa har ya koma ruwan goro.
Ƙofa biyu, kujera biyu, ba rufi.
Baba ya saye ta hannun wani malamin Samaru
da ya tattara ya koma ƙasarsu
shekarar da aka haife ni.

Injinta ya riga Baba mutuwa.
Bara muka dasa mata wani,
ɗan Kwatano, silinda shida,
in ya yi gurnani sai kwanon gareji ya amsa.

Saura giya.
Ran da na ce wa Liman tun Sallah nake neman giya,
ya ja da baya, ya yi salati,
sai da na ce ta mota.

Barau ya jera mini uku a kan kwali
kamar mai tallan kifi.

Ta fari tata ce ta asali, lamba huɗu.
Ya sa tsinin sukudireba ya nuna mini haƙoranta:
"Alhaji, tsohuwa za ka ba ƙashi?
Injin nan, kafin ka kai Kwangila
ya bar ta da dasashi."

Ta biyu otomatik.
Okwudili ne ya turo ta daga Sabon Gari a baro,
ya rantse ba a taɓa kwance mata noti ba.
Gwiwata ta hagu,
wadda likitocin Shika suka fi ni sani,
ta ce mu biya mu tafi.
Hannuna na dama bai ce komai ba.
Ya shige aljihu.

Ta uku lamba biyar ce, ta hannu,
sai dai ba ta shiga.
Ƙiba gare ta. Sai an yanka ƙasan bodi,
an rage farfela taƙi guda,
an kai faranti wurin mai walda ya huda,
kuma duk da haka
sandar za ta fito baya da yatsu uku
daga inda hannun Baba ya saba samunta.

Yatsu uku.
Na kwana ina auna su a gefen katifa.

Ina shekara tara, hanyar Wusasa,
Kufena na binmu ta gefe,
ya ɗora hannuna kan sandar, ya rufe da nasa.
"Kar ka dubi allura.
Saurara, inji zai faɗa maka."
Ya faɗa kuwa. Na ja, ta karta,
Baba ya yi dariya har hularsa ta bi iska,
muka koma ribas muna nemanta cikin dawa.

Ran Laraba Balaraba ta biyo ni daga makaranta
da tef da biro.
Ta shiga ƙarƙashi da farin mayafi,
ta fito da baƙi.
Ta yi lissafi a bayan kwalin fulogi:
a lamba huɗu, kan titin Kaduna,
injin ihu zai riƙa yi, yana shan mai a banza.
Ta biyar ce za ta bar shi ya numfasa.

Na ce kuloci fa?
Ta ce, "Abba, gwiwarka ce ke ciwo.
Tawa lafiya lau."

Barau ya dube ni. Na ɗaga kai.
Da ya kunna injin yanka sai na juya baya,
na tsaya kallon mai rake a bakin titi
har tartsatsin ya lafa.

Kan tsohuwar sandar yana aljihuna,
katako, sumul, tafin Baba ne ya goge shi.
Zarensa bai dace da sabuwar ba,
Barau ya ce ya san wani a Tudun Wada.
Lambobin da ke kansa a huɗu suka tsaya.

Balaraba ta juya shi a hannu, ta ce a bar shi haka,
ita ta san inda biyar take.