Baɗin da Ya Yi Jikoki

Ɗiyata Tsayaba ta dawo daga lakwal
da aikin gida: tarihin Maraɗi, shafi biyu.
Na ce ajiye biro, nemo takalminki,
mu gangara.

Muka bar tudu da layukansa
da aka ja da igiya kamar kunyar gero,
muka bi ta Bagalam
har ƙasa ta fara sanyi a tafin ƙafa,
inda masu garka ke ban ruwan yalo.
Na ce nan garin yake.
Ta duba gabas, ta duba yamma,
ko gutsuren tubali ba ta gani ba.

Waɗanda suka baro Katsina
ba su zo da niyyar zama ba.
Sun tarar da kurmi, da mutanen kurmi
masu kiran kowane icce da sunansa
kamar ɗan maƙwabci.
Suka ce a ba mu inuwa, bana ko baɗi mu koma.
To, baɗin nan shi ne ya yi jikoki,
ke ce ɗaya.

Ga kanyar can mai ƙusumbi.
Ƙofar kakana Nomau tana kallonta.
Daren da gulbi ya tashi ya ci gari
shi ya kwance jaki daga gindinta,
kakata Hajo kuwa ta bar zannuwan aurenta ga ruwa
ta ɗauko ɗan dutsen niƙa.
Har ta mutu ana yi mata dariya,
har ta mutu tana cewa
ku da kuka ɗauko zane, me kuka ci da safe?

Sai gujiya ta zo da sikeli da motocin Kano.
Ubana Arzika ya koyi cewa
gonar kirki fili ce fetal, kamar faifai.
Ya sare kalgo, ya sare sabara,
ya kwantar da gawo uku a rani guda,
ya sayi keke da rediyo.
Ban zarge shi ba. Na hau keken.

Amma na ga shekarun da hadari ya yi fushi.
Iska ta tone irin da muka binne sau huɗu,
rairayi ya yanke gero tun yana kunnen kura.
Inna Dela tana fita neman icce da asuba
ta dawo azahar da abin da bai kai dafa koko ba,
muka ƙona kara, muka ƙona kashin shanu.

Ita ce ta fara hana gatari.
Lokacin sassabe ta tsaya kan wani kututture
da ya tofo ƴaƴa bakwai,
ta fiɗe biyar, ta bar biyu masu ƙarfi.
Maƙwabta suka ce gonar Arzika ta zama ta raggo.
Ta ce uwar iccen tana ƙasa, ba ta mutu ba,
mu ne ba mu bar ta ta yi magana ba.

Yau ki hau hanyar Tibiri ki duba.
Gawo yana tuɓe riga da damina
don gero ya sha rana,
ya mayar da ita da rani, awaki su taru.
Cikinsu akwai biyun nan na Inna,
hannuna biyu ba sa zagaye ɗaya.

Jiya na ga turakun siminti a gefen gonar,
da jan fenti, da lamba.
Gari yana tafe, shi ma ɗanmu ne.

Tsayaba ta tsinci kanya ɗaya, ta goge a zane,
ta ce Baba, wannan duk ba zai shiga shafi biyu ba,
kuma mushe shekaru yake so.
Na ce ki ba shi shekarun.
Ƙwallon kuwa kada ki tofar a nan,
sa shi a aljihu, mu hau da shi.