Kujera Biyu

Damina huɗu ina ɗinkin buhun albasa,
Ina ƙulle riba a gefe, don in sayi mota.

Ba irin ta kwasar iyali da kaji ba,
Mai kujera biyu, wadda ake yaye rufinta.

Abokai suka ce, "Junaidu, ka zauce?
Ranar Sakkwato za ka bai wa kai ta jeme kamar fata?"

Inna ta ce, "Wagga ai rowa ce aka sa wa taya,
Ka ɗau mutum guda, ina ka kai zumunta?"

Ban tanka ba. Asabar da hantsi na nufi Kwannawa,
Filin Alhaji Bagudu, inda Kwatano ke sauke hajarta.

Biyu na tarar. Ɗaya fara, rufin ƙarfe,
Ka danna maɓalli ya naɗe, ya koma baya ya kwanta.

Ɗayar ja ce, ta girme ta da shekara shida,
Rufin tamfol, ga faci kusa da kunnen hagunta.

Farar da kanta take canza giya,
Jar sai ka taka kuloci, ka sa hannu, ka lallashe ta.

Bagudu ya ce, "Ɗau fara, yaro, sanyinta kamar randa,
Wata tsohuwa ce ta hau ta a Turai, duba mita."

Altine makanike ya shige ƙarƙashi da tocila,
Ya fito da baƙin mai a goshi, yana taunar hanta:
"Farar ga in ta yi fushi, duk garin ga wa ka gyara ta?
Jar kuwa, da sifana ɗaya nike kwance ta."

Ido na son fara, hannu na son ja,
Na kwana ina juyi, barci ya ƙi ya yi sata.

Da safe na riƙo hannun Baba.
Shekara talatin yana jan roka zuwa Ikko,
Har yana ta rufe masa ido, ta ce ya huta.

Ya ce, "Ku tashe su." Aka murza makulli.
Ya ɗora tafi a kan fara, ya saurari numfashinta.

"Wagga ta cika ladabi," in ji shi,
"Mai irin wannan murya akwai abin da ta ɓoye a cikinta."

Ya lalubi ja. Ta yi tari, ta yi gurnani,
Sai na ga haƙorin da na daɗe ban gani ba ya fita.

"Tana da shekaru, amma ba ta iya ƙarya ba.
Sake mata zoben mai, sauran duk ƙalau, biya ta."

Albarka, albarka, har aka kira azahar,
Bagudu ya sallama yana rantsuwa na sa shi talauta.

La'asar sakaliya na ninke tamfol,
Baba a dama, ya miƙe ƙafa kamar mai sarauta.

Kowane tudun kwalta sai mun hau shi a karkace,
Cikinta na gurzar ƙasa, nawa na jin zafinta.

Yaran Runjin Sambo suka biyo mu da ihu,
"Malam, ina ka baro sauran rabinta?"

Muka wuce, gari ya koma baya,
Gadar Rima ta buɗe, fadama kore hagu da damanta.

Baba ya karkata kunne. "Kana shaƙe ta.
Ba ta huɗu. Yanzu! Haka nan. Bar ta."

Iska ta zo ta ɗauke masa hula,
Na ga ta yi sama, ta juya, ta faɗa cikin shinkafar wata.

Na kai ƙafa birki, ya buge mini gwiwa:
"Mi kaka yi? Hula ce. Wani ya tsince ta."

Kansa tsirara, furfura na rawa,
Yana kiran sunan garuruwan da ya bari, Jega, Yawuri, Kwantagora,
Kamar yanzu za mu ratsa ta kowace tasha tata.

Magariba muka dawo. Inna na bakin zaure.
Ta dubi kan Baba, ta dube ni, ta dubi mota.

"Gobe," ta ce, "bayan ka kai albasa,
Ni ma ina da unguwa Bodinga, wajen ƙanwata."