Sanyin Kanti

Babayo ya sauko daga keke napep da tsani,
da kwali biyu, da bututun jan ƙarfe naɗe a kafaɗa.
Bazara ce a Jekadafari,
har ƙadangare ɗage ƙafa yake a kan dakali.

Da ya kafa wa bango abin huda
Inna ta dafe ƙirji:
"A hankali, yaro,
da kuɗin gyaɗa marigayi ya yi ginin nan."
Garin siminti ya zubo mata kan sallaya.

Kafin la'asar iyakwandishan ya hau,
fari tas a saman taga,
ƙaninsa na waje yana gurnani.
Na danna.
Ta jawo mayafi, ta ce ɗakinta ya koma asibiti.

Da safe na same ta a bayan ɗaki,
ta tara gwangwanin madara a bakin tiyo,
ɗis,
ɗis.
"Ashe shi ma gumi yake yi saboda mu."
Ta juye wa barkononta ruwan.

Jiya tsakar dare aka ɗauke wuta.
Na jiyo ta tana laluben tsohon maficinta,
tana dariya ƙasa-ƙasa:
"Zo nan, kai da ba ruwanka da mita."