Karnen Nafi'u

A Marwa, karne ba ya kwana a asibiti.
Yakan bi mai shi gida cikin leda,
tare da maganin tari da rasit ɗin wuta.
Duk mai jin faransanci a gidan
zai karanta abin da na rubuta.

Nafi'u, shekara goma sha ɗaya.
Sati uku yana zana mini kogi ba ruwa.
A na huɗu ya ce:
"Takalmina ne ya faɗa Kaliyawo.
Ni na ce wa Sanda ya ɗauko.
Baba na tsammanin santsi ne."
Sai ya zuba wa birona ido.

Baban na waje kan benci,
Malam Tanko baduku, yatsu duk rinin fata.
Ya rufe rumfa tun hantsi, ya biya ɗan acaɓa daga Domayo.
Ya riga ya binne ɗa guda.
Wa zai ce ba shi da hakkin sanin
abin da ke cin na biyu cikin dare
har ya jiƙa tabarma?

An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.
To, amma takarda ba ta da ciki.

Na juya karnen ya fuskanci yaron.
Na ce: "Da wani ne ke cutar da kai,
da ban rufe ba, ko za ka yi fushi da ni.
Wannan kuwa naka ne.
Zan karanta maka, ka tsayar da ni inda ka so."

Ba ya barci sosai. Ya gyaɗa kai.
Yana kewar ƙaninsa. Ya gyaɗa.
Yana ɗora wa kansa laifi.
Ya dafe layin da tafin hannu.
Can ya ɗage: "Bar shi. Amma ban da takalmi."

Na kira malam, na fassara masa layi uku.
Ya ce: "Shi ke nan, likita? Awa guda fa kuka yi."
Na ce akwai saura, yana wurin mai shi,
ranar da ya shirya, kai zai fara nema.

Ya daɗe yana kallona.
Ban san ko na kyauta masa ba.
Ya naɗe karnen, ya sa a aljihun ƙirji,
ya ce wa yaron: "Taho, rana ta yi."