Mai Korar Tsuntsaye

Aikina korar tsuntsaye.
Kar ku yi dariya, albashi ake ba ni.
Da asuba, kafin ladanin Ali Ɗan Sofo ya sauke murya,
ina kan titin jirgi da gwangwani da sanda,
ina ba shirwa haƙuri,
ina gaya wa balbela nan ba garke ba ne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Da na fara, bayan waya gero ne,
gero har inda ido ya gaji,
sai gawo guda, sai jakin Nomau a ɗaure.
Yau in na ɗaga kai kwano ke kashe mini ido,
bulo kan bulo, shanya kan igiya.
Maraɗi ta rarrafo
kamar jaririn da ya hango garwashi.

Inda mutum ya sauka, juji ya sauka.
Ga hanjin kaza, ga mushen akuya,
ga ungulu ta zo zaman makoki da danginta.
Ran nan na ga abin da inji ya yi wa guda:
gashi, jini, ƙauri.
Matuƙin ya sauko ya roƙi ruwa,
ya kasa riƙe moɗa.
Rai goma sha tara ya ɗauko.
Suka wuce suna gyara hula,
ba wanda ya sani, daga ni sai shi.

To, ga abin da ke hana ni barci.
Tsahara, yayata, ciki ɗaya,
shekara tara tana matsar gyaɗa,
ƙuli-ƙuli a faranti, mai a kwalba,
dala kan dala har ta zama jika,
ta sayi fili a hannun Ɗan Jimma dillali
daidai inda jirgi ke sunkuyo da kai.
Takarda har da hatimi biyu.
Ya ce mata, Hajiya, nan gaba wurin nan zinariya ne.

Gini ya kai taga.
Ran Talata mutanen meri suka zo da jan fenti
suka gitta layi biyu a bangon da bai bushe ba.
Suka ja igiya, suka tono dutsen iyaka
da rairayi ya haɗiye tun ba a yaye autarta ba.
Wayar Ɗan Jimma a kashe.
An ce an gan shi a Dakoro. An ce Jibiya.

Da dare ta aiko a kira ni.
Ta ajiye tuwo, ba ta ce bismilla ba.
Ta ce, kai da ke ciki, ka yi magana.
Na ce, Yaya, ni tsuntsu nake kora.
Ta ce, to ɗauko gwangwaninka,
ga ni.

Na so in ce mata
hanyar jirgi ba ta ƙarewa a bakin waya,
tana zarcewa ta saman gadonta,
ta saman kaskon mai yana tafasa,
ta saman Laure mai koyon tafiya.
Na so in ce na ga hannun matuƙi yana rawa.
Sai idona ya faɗa kan nata hannun,
duk kanta, duk tabon ƙuna,
maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Tuwon ya huce tsakaninmu.

Yau ma na fito da asuba.
Hasumiya ta ce akwai mai sauka ƙarfe bakwai.
Can bayan waya, a kan tagar da ba ta da ƙyaure,
shirwa ta zauna tana gyaran fiffike
kamar ita ta biya kuɗin siminti.

Na daɗe ina kallonta.
Na ji ƙugi daga yamma.
Na ɗaga sanda,
na buga.