Ranar da Citta Ta Yi Wanka

A Ilam, inda gajimare ke kwana bisa rufin kwano,
mu goma sha bakwai ne masu noman citta.
Ni ke riƙe da littafin ƙungiya,
don na fi su haƙuri da ƙananan baƙaƙe.

Bara motar Harka Limbu ta isa gadar Mechi,
buhu arba'in, kowanne da ƙasar gona a jikinsa.
Jami'i ya zura yatsa, ya murza, ya duba:
"Citta aka yarda ta ƙetare, ban da ƙasa."
Kwana tara a bakin ruwa.
Ta yi gumi, ta yi tsiro, ta yi wari.
Direba ya karɓi kuɗin jira, ya karɓi na komowa.
Harka ya dawo da warin a rigarsa,
bai ce uffan ba har aka yi shuka.

Bana takarda ta zo, shafi shida:
a wanke, a shanya, a kai samfur ɗakin gwaji,
a rubuta wa kowane buhu lamba mai tsawon wutsiyar ɓera,
da sunan gona, da ranar haƙa,
da nauyi, ba ƙari ba ragi.
Sau uku na karanta a gaban fitila.
A na huɗu na ji abin da ba ta faɗa ba:
wanda bai iya ba zai sayar wa wanda ya iya,
a farashin da aka ga dama.

Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.
Ran Asabar na ari ajin 'yan firamare,
na gitta benci a tsakiya, na ce ga gada.
Na kifa hular ƙanena, na murtuke fuska:
"Yau ni ce kwastan. Ku zo ku wuce in gani."

Sanchamaya ta ƙulle takardarta a bakin zane,
zufa ta cinye hatimin. Koma.
Tek ya rubuta bakwai kamar ɗaya. Koma.
Suna dariya, ni ban yi ba.
Harka ya zo a ƙarshe, ya dire buhu,
ya ce, "Ke Pabitra, ranar sunanki ina wurin."
Na ce, "Baba, gada ba ta je sunan kowa ba."
Na zura yatsa.
Ja ya fito.

Aji ya yi tsit.
Ya daɗe yana duban yatsan,
ya ce kakansa ya ƙwato ƙasar nan daga bakin dutse,
me ta yi wa mutanen ƙetare da suke ƙyamarta?
Ba ni da amsa.
Na ce dai mu gangara rafi.

Muka wanke har tafin hannu ya yamutse,
yaji ya shiga duk inda fata ta tsage.
Citta ta fito tsirara, fes, tana sheƙi,
muka ɗora ta a sikeli,
kowane buhu ya rame da kilo biyu.
Harka ya yi wata dariya ta cikin hanci:
"Ashe shekara da shekaru
tudunmu muke sayarwa kaɗan-kaɗan."

Ranar tafiya ban bi su ba.
Na zauna da waya a cinya, shayi ya huce sau biyu.
Can da yamma ta yi ƙara,
ga kukan motoci, ga muryar tsoho a ciki:
"Mun wuce. Ko yatsa bai zura ba.
Takardar kawai ya duba, ni ko kallo ban samu ba."
Ya yi shiru, na ɗauka layi ya yanke.
"Amma sun manna wata sabuwa a bango.
Wai daga watan gobe, komai ta na'ura."

Na ce ya sa yaron mota ya ɗauko mini hotonta.
Na tashi neman wanda ke riƙe da makullin aji.