Ja da Fari

Kakana Otar ya rantse ba zai ɗora abin a kansa ba,
wai zai yi kama da matuƙin jirgi da aka kora daga aiki.

Sai dai bangon gidanmu na Tbilisi ba shi da sirri.
In Manana ta yi atishawa a ɗakinta,
mu ke ce mata sannu daga namu.
Ga shi ta haihu makon jiya.
Sau biyu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da ladabi,
na ukun da ludayi.

Rikodar kakana ta girmi mahaifiyata.
Ba ta san bulutut ba, shi ma bai taɓa jin labarinta ba.
Ramuka biyu ne a ƙeyarta,
ɗaya da zobe ja, ɗaya da fari,
tsatsa ta ranbaɗa musu kwalli.

Na gangara kasuwar bayan tashar jirgin ƙasa
wurin Gocha mai gyaran rediyo, mai yatsu tara.
Ya juya hedifon ɗina, ya duba hoton rikodar, ya ce:
wannan tsohuwa da wannan yaro, sai da tafinta.
Ya zaro waya mai kai biyu a gefe ɗaya,
kai guda siriri a ɗaya gefen,
da ɗan akwati da bai fi na ashana ba.
Ja a ja, fari a fari, siririn a cikin akwatin,
in shuɗiyar wuta ta daina ƙiftawa, sun gaisa ke nan.
Lari talatin. Ya ƙi ragi.

A gida jan ya shige salin alin.
Farin ya cije.
Na bar shi rabi a waje, na danna.

Kakana ya zauna kamar mai jiran allura.
Can ya ɗaga yatsa.
Vakhtang ne, ya ce. Shi kaɗai, a kunnen dama.
Ina kika kai Shalva?

Na durƙusa bayan rikodar da auduga a tsinke,
na goge ramin har audugar ta koma ruwan ƙasa,
na murɗa farin, na tura da babban yatsa.
Ƙas!
Ban ji komai ba, ni.
Kafaɗarsa ta hagu na ga ta sauka.

Kaset ɗin na ranar tsinkar inabi ne a ƙauyensu.
Waƙar ta murya uku ce, 'yan'uwan su uku,
amma biyu ne a ciki.
Ran nan sun yi cacar baki a kan iyakar gona,
taku huɗu na ƙasa da itacen goro na Turawa guda,
sai kakana ya ce shi madanni kawai zai danna.
Shekara arba'in da biyar waƙar na tafiya
ba muryar ƙasa, kamar tebur mai ƙafa biyu.

Ɗakin tsit.
Sai kaset na juyawa, da firiji, da ɗigon famfo.
Na ce madalla, lari talatin ta yi rana.

Sai ya buɗe baki.

Wanda kunnensa ke rufe bai san ƙarfin muryarsa ba.
Ta fito daga ƙasan ciki, a dushe, tana jan ƙafa,
sannan ta miƙe tsaye,
har kofunan kan kanta suka soma raɗa.
Mu rabon da muka samu ke nan: kashi ɗaya cikin uku,
murya ɗaya mai tsayawa ta jira waɗanda ba ma ji,
ta ba su hanya, ta bi bayansu.

Jaririn ya tsanyare.
Manana ta fito baranda, ludayi a hannu, ɗa a kafaɗa,
ta tsaya a bakin ƙofarmu.
Ludayin bai ɗagu ba.

Madanni ya yi tsalle, kaset ya ƙare.
Kakana ya zare hedifon, gashinsa ya kwanta a tsakiya,
ya dube mu mu uku, ya ce a hankali:
kun gani? Ko tari ba wanda ya ji.
Ya miƙo mini abin.
Sa masa caji, Tsiala. Akwai ɗaya gefen.